Wata takwas da iSupport a hannu, ina jinyar Mama

Wata takwas ke nan ina amfani da iSupport, kuma sai yanzu na ji na isa in ce wani abu a kansa. Ga wanda bai san shi ba, shiri ne na koyarwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara domin masu kula da wanda ke fama da cutar mantuwa, wadda da yawanmu muka saba kira gigin tsufa. Littafinsa ya fito a 2019, kyauta ake sauke shi, wasu ƙasashe kuma sun mayar da shi manhajar intanet da harshensu. Ni na Turanci na samu. Na buga shi a takarda saboda idona ba ya jure dogon karatu a waya, yanzu gefen shafukan duk rubutuna ne da biro.

Mahaifiyata nake jinya, shekararta 74. Abin ya faro ne da maimaita tambaya ɗaya sau biyar kafin a gama cin abinci, daga baya ta fara ɓoye kayanta tana mance inda ta sa su. Likitan farko da muka gani ko duba ta bai yi sosai ba, ya ce tsufa ne, a yi haƙuri. Muka yi shekara guda muna haƙurin, ina yi mata faɗa a kan abin da ba laifinta ba ne, kuma wannan shekarar har yau tana ci mini rai. Likita ta biyu ce ta zauna da mu kusan awa ɗaya, ta yi mata gwaje-gwaje, ta ce alamun cutar Alzaima ne, wato wani nau'i na cutar mantuwa. Da za mu fita ta rubuta mini sunan iSupport a bayan takardar magani, ta ce, "Wannan naki ne, ba nata ba."

Darussa 23 ne a cikin kashi biyar: bayanin cutar, zama mai jinya, kula da kai, hidimar yau da gobe kamar ci da sha da wanka da zagayawa, sai kuma sauyin hali. Ba a tilasta ka bi su a jere. Kusan kowane darasi yana kawo ɗan labarin wani gida, ya tambaye ka me za ka yi da kai ne, ya jero zaɓi, sannan ya bayyana abin da ya sa wannan ya fi wancan. Kashin farko na wuce shi da sauri, don likita ta riga ta faɗa mini yawancinsa. Na hidimar yau da gobe yana da amfani, amma wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san rabinsa.

Kashi na biyar ne ya riƙe ni, shi ya fi kowanne tsawo, darussa goma. A nan aka koya mini in daina kallon rikicin Mama kamar abin da ke faɗowa daga sama. Duk lokacin da ta birkice, in tambayi kaina abu uku: me ya faru kafin nan, me ta yi takamaimai, ni kuma me na yi. Na samu ƙaramin littafin rubutu na ja layi biyu a kowane shafi, na fara cikewa.

Matsalarmu mafi girma a lokacin wanka ce. Da na kama hannunta muka nufi banɗaki sai ta turje a bakin ƙofa, ta riƙe ƙyaure da hannu biyu, wani lokaci har da ihu. Na zaci ruwan ne take tsoro, na ɗumama shi, bai canza komai ba. Na zaci kunyata take ji, na kira ƙanwarta, nan ma haka. Sai a rana ta tara da fara rubutun, ina karanta layin farko daga sama zuwa ƙasa, na lura cewa a ranaku biyun da ta shiga lafiya, na rataye tawul a wani wuri da ban saba ba. A kan madubi. Washegari na bar madubin a buɗe na tsaya bayanta ina kallo. Ta tsaya cak, ta ƙura wa madubin ido, ta ja zanenta ta rufe ƙirji, ta ce da ni a hankali, "Wace ce wannan tsohuwar? Ce mata ta fita." Ba ta gane fuskarta ba. Duk watannin nan tana ƙin tuɓe kaya ne a gaban baƙuwa, ni kuma ina ja mata hannu ina cewa ta cika taurin kai. A ranar na cire madubin, na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Littafin bai ce mini in duba madubi ba. Ya dai sa na nutsu na duba, kuma ba na jin da zan gano da kaina.

Haka batun zargin sata. Mama tana da wata ƙaramar jaka mai zif da take ajiye 'yan kunne da tsoffin hotuna. Idan ta ɓace, ni ce ɓarauniya. Da ina rantse-rantse ina kare kaina, ita kuma tana ƙara hawa. Darasin ya nuna cewa gardama da wanda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta yanke hukunci ba ta haifar da komai sai ƙarin tashin hankali, gara a kwantar masa da rai a karkatar da hankalinsa. Yanzu nakan ce, "Mama, ranki ya ɓaci ko? Taso mu nema tare." Wurare huɗu take ɓoye ta, duk na haddace su, amma nakan bari ita ta gano da hannunta.

Akwai kuma darasin neman taimako. Na daɗe ina cewa a cikin dangi "ku riƙa taimakawa", kowa ya ce to, ba wanda ya zo. Da na koyi faɗin abu ɗaya ƙwaƙƙwara, na kira yayana na ce, "Yaya, ranar Asabar daga ƙarfe goma zuwa biyu nake so ka zauna da Mama." Ya zo, kuma yana zuwa har yau.

To amma in faɗi gaskiya, nauyin da ke kaina bai ragu ba. Har yanzu ina farkawa sau uku a dare. Har yanzu akwai ranakun da ƙirjina ke yi mini nauyi tun safe. Kashin kula da kai yana da motsa jikin numfashi da shawarar ware lokacin abin da ke faranta maka rai, da darasin sauya yadda kake fassara abin da ya same ka, duk masu kyau ne, sai dai takarda ba ta karɓar ka aiki na awa ɗaya ka runtsa. Na fara zargin kaina, ko ni ce ban iya amfani da shi ba. Wannan ya sa na shiga neman abin da masu bincike suka gano a kansa, kuma a nan ne girman abin ya bayyana gare ni.

Ashe iSupport ba a rubuta shi aka ajiye ba ne. An yi shi ne da niyyar kowace ƙasa ta ɗauka, ta fassara, ta gyara labaran cikinsa su dace da mutanenta, ta gwada, ta faɗa wa sauran abin da ta gani. Indiya na cikin na farko, tare da cibiyar binciken ƙwaƙwalwa ta NIMHANS da ke Bangalor. A gwajinsu da yawa daga waɗanda suka fara ba su kai ƙarshe ba, kuma ba a ga raguwar nauyi ko baƙin ciki ba, amma an ga sauyi a yadda masu jinyar ke kallon mara lafiyan, suna ganin mutum kafin su ga cuta. Da na karanta wannan sai na ajiye wayar, domin labarina ne sak. A Birtaniya, Jami'ar Bangor ta jagoranci gwaji na wata shida da masu jinya sama da 350, rabi aka ba su manhajar su yi da kansu, rabi suna jira. Sakamakon ya nuna babu bambanci a damuwa ko baƙin ciki tsakanin ɓangarorin biyu, kuma suka wallafa shi haka, ba kwana-kwana. Sai kuma wani gwaji da Jami'ar Flinders ta jagoranta tsakanin Ostireliya da Sin, da masu jinya masu jin Sinanci. Su ba su bar mutum shi kaɗai da allon waya ba, sun haɗa shi da mai jagora da kuma zama da 'yan uwansa masu jinya, kuma a nan aka ga ci gaba a lafiyar zuciyar masu jinyar. Fotugal, Birazil da Japan su ma sun yi nasu fassarar da nasu binciken.

Idan ka jera waɗannan gefe da gefe sai ka ga abin da ƙasa ɗaya ba za ta gani ita kaɗai ba. Da gwajin Birtaniya kawai aka yi, sai a ce shirin ba ya aiki a jefar. Da na Ostireliya da Sin kawai aka yi, sai a ce littafin ne maganin. Haɗuwarsu ce ta nuna mini cewa darussan suna da kyau, amma suna bukatar ɗan adam a gefensu. Kuma, abin da ban zata ba, sakamakon da bai yi daɗi ba shi ya ƙara mini yarda da shirin. Mutanen da za su kashe shekaru a kan aiki sannan su fito su ce bai yi abin da muka yi fata ba, idan suka ce wani abu ya yi, zan saurare su. Ya kuma sauke mini laifin da na ɗora wa kaina.

Abin da ke damuna a wannan fage ya girmi iSupport. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce mutum miliyan 57 ne ke da cutar mantuwa a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma kusan mutum miliyan 10 ke kamuwa da ita duk shekara. Mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin ɗari na awannin jinya. Tun a 1998 wasu masu bincike suka kafa ƙungiya suka sa mata suna 10/66, kuma sunan kansa ƙorafi ne: ƙasa da kashi 10 na binciken da ake yi a cikin al'umma ne ya shafi kashi 66 na masu cutar, wato waɗanda ke ƙasashe masu tasowa. Alhali idan aka yi irin wannan haɗin gwiwa, ana samun abin mamaki. Binciken da aka fara a farkon shekarun 1990 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ya kwatanta tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatar Amurka da ma'auni iri ɗaya, ya gano cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, kuma ƙwayar gado ta APOE4, wadda ke ƙara haɗarin Alzaima sosai a wasu al'ummomi, tasirinta ya fi rauni a can. Ba ɗayan biranen biyu da zai gano haka shi kaɗai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa nake ganin bai isa a aiko wa mutane da littafi ba, sai an zauna da su an ji yadda jinya take a gidajensu, sannan abin da suka faɗa ya koma cikin littafin. A tsarin da ƙasashen duniya suka amince da shi a 2017, an sa burin cewa kashi 75 cikin ɗari na ƙasashe su samar wa masu jinya horo da tallafi kafin 2025. Ni dai burina shi ne kowace fassara ta zo da mutumin da za a iya kira a waya.

Abu ɗaya da ya kamata mai nema ya sani: wannan littafin jinya ne, ba na rigakafi ba. Da yayana ya tambaye ni ko mu ma za mu kamu, sai a wani wuri na samo masa amsa, a rahoton kwamitin masana na mujallar Lancet na 2024, wanda ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, irin su hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da na gani, da kaɗaici, waɗanda ke da alaƙa da kusan kashi 45 cikin ɗari na masu cutar. Sati biyu bayan nan ya je aka auna masa jini.

Shawarata ga mai shirin ɗauka: ɗauka, amma kada ka yi shi kai kaɗai. Kada ka fara daga shafin farko idan gidanka na ci da wuta, tafi kai tsaye darasin matsalar da ke gabanka yau. Ni da na fahimci darasin gwajin Ostireliya, sai na nemi wata baiwar Allah da muka haɗu a layin ganin likita, ita mijinta take jinya. Duk ranar Laraba da dare muna waya, mu ɗauki darasi ɗaya, ni in karanta in juya mata shi da Hausa, ita kuma ta faɗa mini inda labarin ya yi daidai da gidanta da inda ya sha bamban. Sau da yawa darasin minti goma yake ci, sauran awar mu yi ta magana. Makon jiya muna kan darasin wahalar barci sai Mama ta leƙo ɗakin, jakar nan mai zif a hammatarta, ta tambaye ni da wa nake hira. Na ce da ƙawata. Ta ce in gaishe ta, in tambaye ta ya mai jiki. Na isar da gaisuwar, muka yi shiru a wayar na ɗan lokaci, sannan muka ci gaba daga inda muka tsaya.