Oba-obar da ta zaunar da ni awa huɗu a bakin sito a Ohayo

Tun da na fara jan tirela a Amurka ban taɓa shan kunya irin ta ranar nan ba, kuma ba a kan tuƙi ba ne. Wanda ya sauko da lodin shanu daga Mai'aduwa ya bi ta Mokwa da Jebba da damina har Legas, ba titin Bature ne zai razana shi ba. Wani ɗan baƙin akwati da ke maƙale a saman gilashin gaba, shi ya tsinka ni a bainar jama'a.

Rediyon oba-oba ne, su a nan CB suke ce masa. Na tarar da shi a motar da aka ba ni, ƙirar Cobra, da maɓallai jere kamar haƙoran tsoho. Ranar farko da na kunna ba abin da ke fita sai shuuu, kamar ana suyar ƙosai, sai kuma ashar jefi-jefi. Na yi ta murɗe-murɗe har na dace da wanda ya kashe ƙarar, na ce alhamdulillahi, na manta da shi.

Bayan mako uku na kai kaya wani katafaren sito a bayan garin Kolombos. Mai gadi ya karɓi takarduna, ya ce in faka, in koma layi na 12 a rediyon, za a kira ni. Na murɗa zuwa 12, lamba ta fito ja, na miƙe ƙafa. Motar da ta zo bayana ta tashi ta shiga. Wata ma ta bi ta. Na fara ƙunƙuni: wato don sun ga baƙar fata ne? Har raina ya raya mini ko a nan ma sai an ba da na goro. Ku tuna a nan yawanci da mil ake biyan direba, zama ba ya kawo ko sisi, kuma doka ta ce daga lokacin da ka fara aiki awa 14 gare ka, tuƙi a cikinsu bai wuce awa 11 ba. Na'urar da ke lissafin ba ta san uzuri ba. Ina zaune awannina suna ƙonewa.

Da aka cika awa huɗu na sauka a fusace na nufi taga. Matar da ke wurin ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce sau biyar ta kira lambar motata, ƙofar da aka ware mini an ba wani, in jira sai an samu sarari. Ta ƙara da tambayar ko akwai kunnuwa a motar tawa. Direbobi shida ne a tsaye, duk suka kwashe da dariya. Sai daga baya na gane a bakinsu "kunnuwa" rediyon ne, amma a lokacin ji na yi kamar ta ce mini kurma.

Wani dattijo mai farin gemu har ƙirji ya biyo ni, ya ɗare matakalar motata ba ko sallama, ya leƙa, ya girgiza kai. Maɓallin da na ƙure zuwa dama, wanda aka rubuta wa SQUELCH, ashe ƙofa ce. Aikinsa ya hana ƙarar banza shigowa, ya bar murya ta wuce. In ka ƙure shi ka rufe ƙofar ruf, sai mai ƙarfin gaske ne zai ratso. Ya mayar da shi hagu har suyar ƙosan ta dawo, sannan ya dinga matsawa dama a hankali, daidai inda ƙarar ta ɗauke ya cire hannu. Ya ce nan ne wurinsa. Na kusa da shi, RF GAIN, shi ne kaifin kunnen rediyon. Shi ma na dushe shi ban sani ba. A buɗaɗɗiyar hanya a ƙure shi dama, a cikin gari in hayaniya ta yi yawa a rage. Ya nuna mini wani ɗan makunni mai CB da PA, ya ce in kiyaye: in yana kan PA muryarka ba ta hawa iska, lasifikar waje take tafiya in an haɗa ta. Ya kama makirfon ya nuna tazarar yatsu biyu daga baki, ya ce ban da ihu.

Sannan ya ce mu duba eriya. Nan ne na san gyaran nan ilimi ne. Aka fitar da motar fili, aka rufe ƙofofi, ya auna da mitar da ke jikin rediyon a layi na 1 da na 40. In allurar ta fi hawa a 40, eriyar ta yi tsawo. In a 1 ne, ta yi gajarta. In allurar ta nuna ƙasa da 2 lafiya, in ta haura 3 kuma ka ci gaba da magana, kana iya ƙona rediyon. Ya kwance ɗan ƙusa, ya rage tsinin eriyar da abin da bai kai faɗin farce ba. Na zaro dala 20, ya dube ni kamar na zage shi. Ya sauka ya tafi, ko sunansa ban ji ba.

Layuka 40 ne gaba ɗaya. Da 23 ne, a 1977 aka ƙara. Gwamnati ta ware wa talakawa wannan zangon tun 1958, kuma tun 1983 ba a neman lasisi: ka saya, ka ɗaura, ka yi magana. Ƙarfin da doka ta yarda wa irin nawa wat 4 ne kacal, don haka muryarka 'yan mil kaɗan take zuwa. Abin ya yi tashe ne bayan matsalar mai ta 1973, da aka ƙayyade gudu a mil 55 a awa, direbobi suka riƙa tsegunta wa juna inda ake da mai da inda ɗan sanda ya laɓe. Layi na 9 na neman agaji ne, ba a hira a kansa. Na 19 kuwa shi ne dandalin direbobin manyan motoci. In za ku ja zance, sai ku ce mu haɗu a 23, ku bar wa jama'a fili.

Haka dai ya kamata. Amma wallahi layi na 19 a kusa da manyan tashoshin mai ya fi tashar Unguwa Uku hayaniya. Wannan na tallar goge ƙarfen mota, wancan na zagin gwamnati, wani ya sa na'urar ƙara ƙarfi ta haram yana danne kowa, wani kawai kiɗa yake sakawa don mugunta. Ranar da na fara magana wani ya kwaikwayi harshena, ya ce in koma inda na fito. Na yi kwana biyu ban taɓa makirfon ba. Ga kuma yarensu da sai ka zauna ka koya: tashar awon nauyi "akurkin kaji" ce, ɓawon tayar da ta fashe a kan titi "kada" ne, in an ce 10-4 an ji ke nan.

Abu ɗaya ya burge ni a ƙirar abin: muddin ka danna kana magana, ba ka jin kowa. Sai ka saki. In mutum biyu suka danna tare, ƙara kawai ke fita. Na ce da za a kai wannan taron ƙungiyar direbobi a gida, da an huta.

Na daina raina akwatin nan ne a Wayomin, kan babbar hanya mai lamba 80, tsakanin Laramie da Rawlins, inda iska ke kwantar da tirelar da ba ta da nauyi. Dusar ƙanƙara na bugun gilashi, ba na ganin abin da ya wuce tsawon mota biyu. Sai murya ta fito daga masu tahowa ta ɗaya hannun: masu yamma ku rage, an tsaya cik a gabanku, ga lambar mil ɗin. Na duba, saura mil biyu. Na saki totur, na kunna fitilun haɗari, na riƙa taɓa birki a hankali. Da na iso, ga motoci a tsaye, wasu sun karkace a gefen hanya. Da ƙofar nan tana rufe kamar ranar sito, da tan 36 zan shigo musu da shi. Hannuna na rawa na danna na ce na gode. Wani ya ce 10-4, shi ke nan. Watakila ma wanda ya kwaikwaye ni ne, wa ya sani.

Daren nan na kasa barci, ina tuna gangaren da muka rasa mutane a hanyar Lokoja. Mu me muke da shi? Walƙiyar fitila, da hannu da ake fitarwa ta taga, da ganye. Mota ta lalace a kwana, yaron mota ya karyo reshe ya jera a titi, an gyara an tafi an bar reshen da duwatsun da aka tare taya, na baya ya zo da dare ya hau. Mun iya kiran wanda muke da lambarsa, amma wanda ke tahowa bayanmu, da ba mu san shi ba, ba mu da hanyar gaya masa komai, kuma ban ga abin ya dame mu ba. A ce ma ka ɗaura eriya mai tsawo da oba-oba, shingen farko za a sauke ka a tambaye ka ko kai wane ne.

Sai dai fa kar ku ɗauka daɗi ake ji. Su direbobin Amurka, rediyon nan ne yaron motarsu, shi ne abokin hirarsu, don kowa shi kaɗai ne a mota. Ni kuwa da za a ba ni zaɓi, da na ba da Cobra da eriyarta a kan dare ɗaya a Tafa: tabarma a gindin mota, shayi mai kauri, yaro na duba taya, ana musu a kan wanda ya fi iya hawan tudu. Yanzu ma matasan direbobin nan da yawa ba sa kunnawa, waya ta ɗauke musu hankali, tsofaffi na ta ƙorafi.

Makon jiya na kira maigidana da ya koya mini tuƙi, na ce Baba, zan aiko maka da guda. Ya saurari bayanina har ƙarshe, ya ce, "To ɗana, in na ɗaura, da wa zan yi magana?" Ya ce in dai aike zan yi, in haɗo masa da tocila mai kyau da takalmin sanyi lamba 44.