Ƴar rediyon nan mai karatun Alƙur'ani, ku karanta kafin ku saya wa iyaye

Jama'a assalamu alaikum. Ƴar rediyon nan ta China mai memori da ake zuba wa karatun Alƙur'ani, wadda ta cika shagunan Farm Centre da Sabon Gari a Kano, ita nake so in yi magana a kai don mutane da yawa suna tambaya ko tana da kyau a saya wa tsofaffi. Amsata eh tana da kyau sosai, amma da sharaɗi.

Hajiyarmu na saya wa, saboda idonta ya yi rauni ba ta iya duba Mus'hafi kamar da, wayar shafa kuma ba ta yarda da ita ba sam. Wannan kuwa madannai ne manya, ka danna lambar sura daga 1 zuwa 114 ta kama, ba ruwanka da data ba ruwanka da sabis. Caji yana daɗewa, ko NEPA sun yi kwana da wuni ba su kawo ba tana ja, sai dai idan aka ƙure murya sifikar tana ɗan kwarmato. Tocilan jikinta kam ba wani abu ba ne, kar ya ruɗe ku.

To ga sharaɗin, kuma nan ne masu sayarwa ba sa faɗa maka. Yawancinsu ruwayar Hafs ce a ciki, Sudais da Shuraim da Minshawi, alhali iyayenmu da suka yi makarantar allo da Warsh suka tashi. Tun a Fatiha za su ji bambanci, wajen maliki da ake ja a Hafs ba a ja a Warsh, kuma tsohuwa da ta shekara hamsin tana karatu a hanya ɗaya sai ta fara kokwanton ko ita ce take kuskure duk tsawon nan, wallahi abin ya taɓa min zuciya da ta tambaye ni haka. Duka biyun ingantattu ne ba wanda ya fi wani, amma mutum ya fi samun natsuwa da wanda ya haddace. Na koma na sa aka zuba mata Warsh na Shaikh Mahmud Khalil Husari, shi ɗin da ya fara naɗar cikakken Alƙur'ani da murattal, wato karatu daki-daki, a Masar a 1961, karatunsa a hankali yake ana iya binsa baki da baki.

Na biyu, tsarinta na sura ne ba na izu ba. Mu kuwa da izu sittin muke lissafi, Hajiya izu biyu take yi kullum don ta sauke a wata, to idan ta tsaya a tsakiyar Baƙara aka kashe, wasu samfurin daga farko suke dawowa. Ku gwada wannan a gaban mai shago, ku kashe ku kunna ku ga ko za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kuma ku saurari surori uku huɗu daga wurare daban-daban, don akwai memorin da lambar sura da karatun ba sa haɗuwa.

Idan memorin yana da fili a ƙara tafsirin Hausa, na Malam Ja'afar ne ko Shaikh Gumi ko Shehu Ɗahiru Bauchi, Allah ya saka musu da alheri, kowa dai da wanda gidansu suke saurare. Matan da ba sa samun fita wajen tafsiri da azumi sun fi kowa cin moriyar wannan.

Abin da ba na so ba laifin rediyon ba ne, namu ne. Sai ka shiga shago an kunna karatu ana ta ciniki ana shewa a kai, bayan Allah ya ce a Suratul A'araf aya ta 204 idan ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru. Dan Allah idan hira za a yi a kashe. Masu tambayar kuɗi kuma, farashi yana canzawa kusan kullum, ku zaga shago biyu uku tukuna, ku ɗauki mai batirin da ake iya cirewa a canza.