Igiyar Dyneema a jirgin filafilai: inda ta ci kuɗinta

A bakin matuƙan jirgin ruwa mai filafilai, wanda iska ke turawa, kowace igiya da sunanta gwargwadon aikinta. Wadda ke ɗaga filafili zuwa saman jigo ita ce haliyad. Masu riƙe jigon ta dama da hagu sharaud ake kiransu, masu tare shi ta gaba da baya kuma sitai. Mai sayen Dyneema, wata igiya ta zaren roba mai ƙarfi sosai, ya fara sanin wannan rabon, don ba ko'ina take amfani ba.

Kamfanin DSM na ƙasar Holan ne ya fito da zarenta. Ƙarfinta ya kai na wayar ƙarfe mai kaurinta, nauyinta kuwa kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne, har yawo take yi a kan ruwa. Kafin ta tsinke, miƙewarta ba ta wuce kashi 4 cikin 100. Wannan ne ya sa ta fi dacewa da haliyad: an ɗaure filafili da safe, da la'asar yana nan yadda aka bar shi, babu saki. A nemi samfurin SK78, domin SK75 ta fi saurin ƙara tsawo a hankali idan ta daɗe ɗauke da kaya.

Aibinta santsi ne. Ƙulli yana zamewa, idan ma ya riƙe yakan cinye rabin ƙarfinta. Dole a yi mata saƙa: a zura wutsiyar cikin cikin igiyar, tsawon ninki 72 na kaurinta. Mai kaurin milimita 6 kenan tana bukatar kusan santimita 43. A rage zaren wutsiyar sannu a hankali har ta sirance, in ba haka ba a daidai bakin yankan za ta tsinke, sannan a ɗinke wurin kada ya zare lokacin da babu nauyi.

Ba ta jure zafi. Wajen digiri 145 a ma'aunin Celsius take narkewa, gogayya a kan winci (na'urar da ake naɗa igiya a kai don a ja ta) kaɗai na iya ƙona ta, saboda haka duk inda hannu ko maƙalin da ke riƙe igiya zai kama, a sayi mai rigar foliyesta.

Ga igiyar anka (ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi) da kuma ta ɗaure jirgi a gaɓa, Dyneema asarar kuɗi ce, kuma haɗari. Can ana son mai miƙewa ta shanye fizgar igiyar ruwa, aikin nailan kenan. Dyneema kai tsaye take miƙa fizgar ga ƙarfen da aka ɗaure ta, har ta tumɓuke shi daga katako.