Saitin ɗinkin jaka da yadin matan Maningrida: yadin ya ci kuɗinsa, sauran kayan kuwa sai a hankali

Ga wadda ba ta da lokacin karanta dogon surutu, hukuncina shine yadin da ke cikin saitin nan ya ci kuɗinsa har da ƙari, amma tarkacen da aka haɗo shi da su ba wani abin a zo a gani bane. In kin iya taka keke ko da kaɗan ne ki nemi yadin zalla daga hannun masu shi, wato matan garin Maningrida na arewacin Ostireliya da suke buga shi. In kuma ba ki taɓa ɗaukar almakashi da niyyar yanka yadi ba to saitin zai miki amfani, sai dai ki daure ki karanta har ƙasa kafin ki tura kuɗinki.

Abin da na yi oda saitin ɗinkin jakar ratayawa ne, irin mai faɗin nan da ake zuba littattafai ko cefane. Wani ƙaramin shago ne a nan Ostireliya yake haɗawa, su sayo yadi daga cibiyoyin zane na 'yan asalin ƙasar wato Aborijin, su yayyanka daidai girman jaka su haɗa da kayan aiki su zuba a kwali. Dala 85 na nan na biya ban da kuɗin aike. Da na buɗe na tarar da yadin waje falle biyu, farin yadi na shafi, igiyar hannu ta auduga, ɗan zif na aljihun ciki, zare guda, takardar bayanin yadda ake haɗawa, sai wani ɗan kati mai ɗauke da sunan matar da ta yi zanen da yarenta da taƙaitaccen labarin abin da ta zana.

Yadin dai wallahi ko a hannu kika riƙe kin san ba na inji bane. Auduga ce da aka gauraya da lilin, mai ɗan kauri, ƙasansa shuɗi ne mai duhu, sai aka buga zanen tarkon kifi a kai da fari da ruwan ƙasa, irin dogon tarkon saƙa mai faɗin baki da tsukakken gindi da suke kafawa a rafi. Layukan ba su miƙe tsaf ba, wani ya yi kauri wani ya sirance, kina ganin inda hannun mai zanen ya ɗan karkace ta ci gaba abinta. Kuma fentin a saman yadin yake zaune, in kika shafa da yatsa kina jin tudunsa, ba kamar atamfarmu ba da rinin ke ratsawa har sai kin ƙura ido kafin ki bambance ciki da baya. Wannan bayansa fayau yake babu komai. Akwai wani wuri ma da farin ya ɗan hau kan ruwan ƙasan, da wani ɗigon fenti ƙarami can gefe, da farko za ki ce aibi ne amma haka bugun hannu yake. Doguwar tebur ake shimfiɗa yadin a kai, a ɗora firam mai raga mai ɗauke da zanen, a zuba fenti a ja shi da roba, a ɗaga a matsa gaba a sake, kowace kala da nata firam ɗin da nata zagayen. To kin ga dole a samu inda ba su haɗu cif ba.

Katin ya nuna zanen daga cibiyar mata ta Bábbarra yake, a garin Maningrida. Garin yana can arewacin ƙasar a yankin Arnhem Land, bakin kogin Liverpool, kusan kilomita 500 gabas da Darwin, kuma ƙasar Aborijin ce a doka tun dokar mallakar ƙasa ta 1976, baƙo ma sai da takardar izini yake shiga. Cibiyar a shekarun 1980 aka kafa ta, asalinta mafaka ce ta mata, daga baya aikin buga yadi ya zama shine abin da aka san su da shi. Matan ba ƙabila ɗaya bane, yaruka sun fi goma a wannan ɗan yankin, kowacce kuma abin da ya shafi ƙasar gidansu da danginta take zanawa, ba wai kawai ki ga abu ya burge ki ki kwafa ba. A 2019 har birnin Faris na Faransa aka kai yadukansu aka baje a ofishin jakadancin Ostireliya, wasu daga cikin matan suka je da kansu. Kuma ba su kaɗai bane, akwai Bima Wear na matan Tiwi a tsibirin Bathurst tun 1969, akwai Ikuntji a Haasts Bluff can tsakiyar hamada yamma da Alice Springs da mata suka kafa a 1992, su nasu zanen daban yake gaba ɗaya, tudun yashi da ramukan ruwa da kaloli masu haske.

To mu dawo kan ɗinkin dan nan ne ƙorafina yake.

Zaren da suka sako ba shi da ƙwari sam. Ina fara takawa ya dinga tsinkewa musamman in allura ta zo kan fentin nan mai kauri, na sassauta na ɗaure na sake zarga shi duk a banza, ƙarshe cire shi na yi na sa nawa. Allura ma takardar ba ta ce komai a kai ba, alhali yadi mai wannan kaurin in an ninka shi huɗu a wajen hannun jaka ƙaramar allura ba za ta huda ba, tsallake kawai za ta dinga yi. Lamba 16 na sa, irin ta ɗinkin jins, na kuma ƙara tsawon taku, nan take keken ya daina kuka. Ni na san wannan dan na daɗe ina ɗinki, amma saitin ai an ce na 'yan koyo ne, yarinyar da ta sayi keke jiya ta ina za ta sani? Zama za ta yi tana zargin kekenta ko hannunta.

Sai takardar bayanin, shafi biyu ne da hotuna baƙi da fari ƙanana da ba kya gane wane gefe ne fuska wane ne baya. Ba su faɗi nawa za a bari a bakin ɗinki ba, santimita ɗaya ne ko ɗaya da rabi, sai da na auna shafin da na wajen na lissafa da kaina. Wajen sa zif kuwa layi ɗaya suka rubuta suka wuce kamar abin wasa ne, alhali duk aikin babu inda ya kai nan wuya. Ba su sako gam na ƙarfafa gindin jaka ba, ba su ma ambace shi ba, in kika bi su yadda suka ce jakar za ta fito amma langaɓewa za ta dinga yi ba ta tsayuwa. Ni na manna nawa a bayan yadin kafin in haɗa, gindin kuma na yi masa kusurwa, yanzu ko a ƙasa na ajiye ta tsaye take.

Abin da ya fi ɓata min rai sha ba zare bane ba takarda ba, yankan ne. Zanen yana da sama da ƙasa, bakin tarkon sama yake kallo, amma falle ɗaya an yanko shi a juye dan dai a ci ribar yadi, kuma wajen aljihun sun riga sun yi masa alama balle ki juya shi. Haka na haɗa gefe ɗaya tarko na kallon sama ɗayan na kallon ƙasa. Wanda bai sani ba ba zai lura ba, ni dai ina gani. Sannan irin wannan yadin a bakinsa ake buga sunan mai zanen da na cibiyar, su kuma sun datse bakin sun zubar. Haba jama'a, abin da ya sa mutum ya biya wannan kuɗin kenan fa. Da sun bar shi da a cikin jakar zan ɗinke shi kamar lamba, kati kuwa yau yana nan gobe yara sun yaga.

Wanki dai alhamdulillahi. Da ruwan sanyi na wanke da hannu bayan na gama, na juya cikinta waje na shanya a inuwa, bai zuba ba ko kaɗan, farin bai dafe ba, taurin fentin ma ya ɗan saki yadin ya ƙara laushi. Guga ta baya ake yi kar ki ɗora dutsen guga kan fentin kai tsaye. Ya ɗan tsuke kaɗan kamar yadda auduga da lilin suka saba, a jaka ba matsala bane amma da siket ne ko riga da an ji jiki, shi yasa ni ban yarda da saitin tufafi da aka riga aka yanka ba, yadi a wanke shi tukunna sannan a sa masa almakashi. Jakar tana shan wahala a hannuna, kasuwa, makarantar yara, har kwalbar ruwa ta taɓa tsiyaya a ciki, zanen yana nan yadda yake, igiyar hannun ce kawai ta fara tashin gashi.

Maganar kuɗi kuma, na san wata za ta ce dala 85 a kan jakar da ke za ki ɗinka da kanki? Gaskiya da tsada. Amma yadin bugun hannu dama can ba araha yake ba, kuma akwai dalilin da yasa mutane a nan suke tsananta bincike kan daga ina zane ya fito. Kasuwar tsaraba cike take da jabu, ɗige-ɗige kawai a buga a kofi ko gyale a ce na Aborijin ne alhali ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa shi ba bare ya ga sisi. A 2019 kotun tarayya ta ci wani kamfani Birubi Art tarar dala miliyan 2.3 saboda kayan da yake sayarwa da sunan aikin hannun Aborijin ashe a Indunusiya ake yin su. Tun kafin nan a 1998 an yi shari'ar John Bulunbulun, mai zane daga wannan yankin na Arnhem Land, da wani kamfani ya shigo da yadi ɗauke da zanensa ba da izininsa ba, kotu har ta ce shi kansa akwai amanar danginsa a wuyansa game da zanen dan ilimin da ke ciki nasu ne gaba ɗaya. To in kin san wannan za ki gane katin nan da sunan bakin yadi ba ado bane. Akwai wani tsari da ake kira Indigenous Art Code da masu sayarwa ke shiga dan nuna suna mu'amala ta gaskiya da masu zane, shigarsa ganin dama ne ba dole ba, amma in kin ga shago yana ciki hankali ya fi kwanciya. Shagon da na saya na tura musu saƙo ina tambaya ko yadin kai tsaye daga cibiyar suke saye, suka ce eh, na ce to nawa ne kason mai zanen a cikin kuɗin saitin, daga nan shiru kake ji. Ban ce sun ci haƙƙin kowa ba, amma a lissafina rabin abin da na biya na kwali ne da zif da ladan yanka, kuma da na tura wa cibiyar kuɗin gaba ɗaya da yadin da zan samu ya fi wannan yawa.

Wani abu da 'yan uwa musulmi za su so su sani, ba duk zanen bane ganye da tarko. Akwai masu kifi da kunkuru da tsuntsaye, akwai kuma na halittun da suka yi imani da su irin yawkyawk, 'yan matan ruwa masu jelar kifi, da mimih sirara da suke cewa a tsagar duwatsu suke zama. Suna da kyau ba ƙarya, amma ni da gangan na zaɓi tarko dan jakar har masallaci nake shiga da ita, kuma abin da wasu suka ɗauka da girma haka ban ga dacewar in dinga jefa shi a bayan mota ba. Ki karanta bayanin zanen kafin ki zaɓa, yawanci suna rubutawa. Batun ko ya halatta wanda ba Aborijin ba ya sa kuwa, su da kansu suka buga suka fito da shi kasuwa dan a saya a ɗinka, abin da ba sa so shine a kwafi zanen a je a buga a wani wuri. Za ki kuma ga gargaɗi a shafukansu cewa akwai sunaye da hotunan waɗanda suka rasu, a al'adarsu ana daina kiran sunan mamaci na wani lokaci, shi yasa.

Ga 'yar koyo da ta nace sai saitin, ki tanadi zarenki mai kyau da allura lamba 16 da gam rabin mita, ki kalli bidiyon sa zif a YouTube kafin ki fara, kuma ki rubuta wa mai shagon tun wajen oda cewa a yanko miki fallayen suna kallon gefe ɗaya a bar miki bakin yadin. Masu son a aiko musu gida Najeriya ko Nijar kuwa kuɗin aike zai iya kamo kuɗin kayan, gara ki jira mai tahowa, yadi ba nauyi gare shi ba a akwati.

Ni yanzu mita biyu nake shirin saya kai tsaye dan siket, zanen ganye nake so wannan karon. Wadda za ta yi haka ta duba faɗin yadin da irinsa kafin ta biya dan zane ɗaya ana buga shi a kan auduga ko lilin ko siliki kuma faɗinsu ba ɗaya bane, sannan in lokacin damina ne, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, ta ƙara haƙuri da isowar kaya, ruwa yana rufe hanyar mota zuwa Maningrida sai jirgin sama ko na ruwa daga Darwin.