Buriram ko Chiangrai? Ka sa a sayo maka ta Buriram

Ɗan'uwa, tsakanin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafan Tailan ɗin nan biyu, Buriram United da Chiangrai United, da ka ce a zaɓar maka wadda za ka bi, tunda yayanka zai shiga Bangkok sarin kaya ya taho maka da riga, ni dai Buriram nake ce maka. Rigunan biyu duk na saya da kuɗina. Ɗaya har gobe ina sa ta, ɗayar kuwa yara sun mayar da ita ta buga ƙwallo a layi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, asalin Buriram ba 'yar Buriram ba ce. Ƙungiyar hukumar wutar lantarkin larduna ce, ana ce mata PEA, an kafa ta a 1970. A can baya haka ƙwallon Tailan take gaba ɗaya: ƙungiyoyin bankuna ne da na sojan sama da na kamfanin taba da na tashar jiragen ruwa, kusan dukkansu a Bangkok da kewaye, su buga wasa filin ba kowa sai ma'aikata da iyalansu. Ba wai ba su iya ba ne, don Thai Farmers Bank ta ɗauki kofin zakarun Asiya sau 2 a jere, 1994 da 1995. Sai dai ba su da gari, ba su da jama'a. Sai a 2007 da aka haɗe gasar larduna da babbar gasa, Chonburi ta zama ƙungiyar lardi ta farko da ta ci lig, sannan idon masu kuɗi ya buɗe.

PEA ta ci lig ɗin 2008, lokacin tana buga wasanninta na gida a Ayutthaya. A ƙarshen 2009 Newin Chidchob ya saye ta ya kwashe ta kacokan ya kai garinsu. Ka ɗauka kamar wani ƙusa ne ya sayi tsohuwar ƙungiyar NEPA ta Legas ya kai ta mahaifarsa ya sake mata suna. Mutanen Ayutthaya ba su ji daɗi ba ko kaɗan, kuma da gaskiyarsu. A 2010 aka kira ta Buriram PEA, a 2012 ta zama Buriram United. Shi ya sa za ka ga walƙiya a tambarinsu, gadon 'yan wuta ne. Ginin da ke tsakiyar tambarin kuma Phanom Rung ne, tsohon wurin bauta na zamanin daular Khmer da ke kan wani dutse a lardin.

Shi Newin gogaggen ɗan siyasa ne. A 2007 kotu ta rushe jam'iyyar tsohon firaministan ƙasar, Thaksin Shinawatra, ta hana shugabanninta 111 siyasa na shekara 5, yana cikinsu. Maimakon ya zauna ya rungume hannu, sai ya juye ƙarfinsa da mutanensa cikin ƙwallo. Buriram kuwa tana yankin Isan ne, arewa maso gabas, gefen iyakar Kambodiya, kimanin kilomita 400 daga Bangkok. Yankin manoman shinkafa ne da aka daɗe ana yi wa kallon koma-baya, 'ya'yansa su ne ke cika Bangkok da aikin gini da tuƙin tasi da aikatau. A irin wannan wuri ne mutumin ya gina fili mai cin mutum 32,600, aka buɗe shi a 2011, wanda yanzu ake kira Chang Arena. Babu hanyar 'yan tsere a kewayen ciyawar, kana zaune kana jin numfashin mai tsaron baya. Bayan shekara 3 ya ƙara da filin tseren motoci da babura a nan kusa, kuma tun 2018 gasar tseren babura ta duniya, MotoGP, take zuwa garin. Matarsa Karuna ita da kanta take tsayawa gaban magoya baya tana ba da waƙa.

Kofuna kuwa sai dai ka gaji da ƙirga. A 2011 suka haɗa lig da kofin ƙalubale da kofin lig a kaka guda, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar. Suka maimaita a 2013 da 2015, kuma a waɗannan kakanni biyu ba wanda ya doke su a lig ko sau ɗaya. A 2015 ɗin ne Diogo, ɗan Burazil, ya zura 33. Suka ƙara da 2014 da 2017 da 2018, sannan suka ɗauki lig sau 4 a jere daga kakar 2021-22 zuwa 2024-25. Ya fi sauƙi ma in lissafa maka shekarun da lig ya kuɓuce musu daga 2011 zuwa 2025: Muangthong ta ɗauka a 2012 da 2016, Chiangrai a 2019, BG Pathum a 2020-21. Shi ke nan.

A Asiya ma ba 'yan rakiya ba ne. A 2012 suka je har birnin Guangzhou na China suka doke ƙungiyar garin, Evergrande, 2-1 a gabanta, lokacin da take ji da kuɗi. A 2013 suka kai zagayen 'yan takwas na gasar zakarun Asiya, Esteghlal ta Iran ta fitar da su. Sun sake kaiwa nan a 2025, Al-Ahli ta ba su 3-0 a Jidda. To wannan ba abin kunya ba ne in ka duba 'yan wasan da Larabawan suka tara, kuma su ɗin ne suka ɗauki kofin a ƙarshe. A shekarar dai Buriram ta ci kofin ƙungiyoyin kudu maso gabashin Asiya, ta doke ƙungiyar 'yan sandan Hanoi a bugun fenariti.

'Yan'uwanmu na Kumasi da ke nan za su tuna Frank Acheampong, wanda ya buga wa King Faisal. Daga Buriram ya wuce Anderlecht ta Beljiyam a 2013, kuma yana cikin waɗanda suka yi wa Guangzhou wancan aika-aikar. Akwai kuma Franck Ohandza ɗan Kamaru da ya sha raga a kakar 2011. Su ma 'ya'yan gida suna fita: Theerathon Bunmathan ya ci lig ɗin Japan da Yokohama F. Marinos a 2019 kafin ya dawo, Supachok Sarachat ya tafi Consadole Sapporo ta Japan, ƙanensa Suphanat kuma yana da shekara 16 ya ci ƙwallo a gasar zakarun Asiya. Shi Theerathon sai da ya fara ɓata wa mutanen garin rai a 2016 da ya koma Muangthong, babbar abokiyar gabarsu. In za ka kalli wasa ɗaya tak a shekara, na Buriram da Muangthong za ka nema.

Rigar ita ce ta fara jawo ni, tun ban san wannan tarihin ba. Shuɗi ce mai duhu, mai kwala, don haka ko ba filin ƙwallo za ka ba tana shiga da wandon yadi, ba wanda zai ce ka yi shigar yara. Ba Nike ba Adidas, kulob ɗin ne ke fitar da kayarsa da sunansa, shi ya sa kuɗinta bai kai na rigunan Turai ba. Tawa ba ta kai baht 1,000 na kuɗin Tailan ba. Wata rana na sa ta a Bangkok na tare tasi zan koma masauki da kaya niƙi-niƙi. Direban na hango tambarin a ƙirjina sai ya fito da kansa ya buɗe but, yana ta kiran sunan garin yana dukan ƙirji. Ashe ɗan Isan ne. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin yarensu, amma muka yi tafiyar nan yana jero mini sunayen 'yan wasa ina gyaɗa kai, in na faɗi wanda na sani ya buga sitiyari don murna. Da ya fahimci Musulmi ne ni, sai ya ratse ya nuna mini wani shagon abincin halal da ban san da shi ba, ya jira na sayo, kuma bai ƙara mini ko sisi a kan abin da mita ta nuna ba. Duk wanda ya san tasin manyan birane da baƙo ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rigar nan ta sha wanki, kwalarta ba ta lanƙwashe ba.

Chiangrai kuwa, to, ba za a ce ba ta yi komai ba. A 2009 Miti Tiyapairat ya kafa ta yana saurayi, a can ƙuryar arewa inda Tailan ta haɗa iyaka da Laos da Myanmar. Cikin shekara 2 ta hau daga rukuni na uku zuwa na ɗaya, wannan kam a yaba mata. Ruwan lemo suke sawa, tambarinsu wani ƙwaro ne mai ƙaho dangin buzuzu, irin wanda mutanen arewacin ƙasar ke haɗawa faɗa. Zamaninsu gajere ne: kofin ƙalubale a 2017, kofuna 3 a 2018 ƙarƙashin Alexandre Gama, wanda shi ma a Buriram ya fara yin suna, sai lig a 2019, sai wani kofin ƙalubalen a 2020-21. Lig ɗin ma a ranar ƙarshe ya faɗo musu. Buriram ta je ta yi 1-1 da wata ƙungiya daban mai suna Chiangmai, su kuma 'yan Chiangrai suka ci Suphanburi 5-2, aka tashi maki 58-58, aka ba su saboda sun fi Buriram a karawar da suka yi da juna. Har yau in na tuna wannan rana sai na ji ba daɗi, amma halaliyarsu ce, kuma su ne 'yan arewacin ƙasar na farko da suka ɗauka. Daga nan sai kuɗi ya ja baya, manyan 'yan wasan suka watse ɗaya bayan ɗaya. Phitiwat, wanda ya riƙe musu tsakiya a shekarar da suka ci lig, daga baya rigar Buriram ya koma sawa. Filinsu bai kai rabin Chang Arena ba.

Kada kuma ka haɗa su da yaran nan 12 da kocinsu da ruwa ya tare a kogon Tham Luang a 2018. Lardi ɗaya ne, amma waccan ƙungiyar yara ce ta Mae Sai, daban take.

In kana tunanin zaɓen Chiangrai don ka guje wa ƙungiyar ɗan siyasa, ba ka tsira ba. Mahaifin Miti, Yongyuth Tiyapairat, shi ne kakakin majalisar wakilai a farkon 2008. Da ya sauka, wanda ya gaje shi a kujerar shi ne Chai Chidchob, mahaifin Newin. Gidaje biyu ne na siyasa, kowanne da lardinsa, ɗaya dai ya fi ɗaya nauyin aljihu da naci. Abin da za a iya faɗa a kan Buriram da gaskiya shi ne ta mayar da gasar kamar gadonta, wani lokaci tun kaka ba ta yi nisa ba an san inda kofi zai je. In kai mai son tashin hankali da bugun zuciya ne, wannan zai iya gundurar ka. Ni dai ban gaji ba tukuna.

Ba ka tambaya ba, amma ka ja wa yayanka kunne kan 'yan jabu. Kasuwannin tufafi na Bangkok cike suke da rigunan ƙwallo na bogi, kuma da sun ga baƙon fuska sai rantsuwa ta tashi. Haka wani ya sayar mini da ta Chiangrai ɗin, ya ce daga kulob ta fito. Wanki kaɗan lemon ya koɗe, rubutun ya fara ɓarewa. Ya juya rigar ciki ya duba ɗinkin, ya ja bakin tambarin da farce ya ga ko zai ɗago, ya duba takardar da ke rataye da ledar da ta zo ciki. Duk wanda ya faɗi kuɗi sannan ya yarda ya rage rabi nan take, jabu ce a hannunsa, don ta gaskiya kuɗinta a rubuce yake, ba a ciniki. Wasu kuma tsohuwar kaka za su miƙo su ce sabuwar fitowa ce, to ya buɗe shafin kulob ɗin na Facebook ya gwada hoton kafin ya biya. Mafi kwanciyar hankali ya yi oda daga shagon kulob ɗin ta intanet a kawo masa masauki. In kuma yana da kwana biyu a hannu, daga filin jirgin Don Mueang kamar awa ɗaya ce zuwa Buriram, jirgin ƙasan da ke zuwa Ubon Ratchathani ma yana tsayawa a garin, babban shagon yana jikin filin wasan. Haka nan masu yawo suna cewa a ba su kuɗi su kai yaro gwaji a waɗannan ƙungiyoyi, ku yi nesa da su. Kulob ɗin da ke son ɗan wasa ba ya aiko dillali ya karɓi kuɗin biza a hannun uwar yaro.

Sai maganar rubutun gaban rigar, gara ka ji tun yanzu kada ta iso ka ce ban faɗa maka ba. Chang ɗin nan mai giwaye biyu, wanda ka sani a rigar Everton shekara da shekaru, kamfanin giya ne, ko da yake suna sayar da ruwan sha da soda da sunan. Chiangrai ma ba ta kuɓuta ba, Singha da Leo da suka ɗauki nauyinta duk na wani kamfanin giyar ne. Ni ba na shiga masallaci da tawa, kuma akwai abokina da ya kai wa tela ya rufe masa wurin da ƙyalle shuɗi. In abin ya dame ka, a shagon akwai huluna da rigunan yawo, ya duba wadda tambarin kulob kaɗai ke jiki.

Ka ce masa ta gida, shuɗiyar mai kwala, ba ta waje ba. Kuma ya ƙara maka lamba ɗaya a kan wadda ka saba sawa, ɗinkinsu na masu ƙaramin jiki ne.