Na kammala Halo: Reach, amma zancen yaran nan 75 ya ƙi barina

Ƙanena ne ya sa mini wasan a kwamfuta lokacin hutun ƙaramar Sallah. Ya ce, "Yaya, kai da kake son labarin soja da leƙen asiri, wannan naka ne, ka daure ka kai ƙarshe." Na ɗauka harbe-harbe ne kawai irin wanda yara ke yi a shagon gem. Dare tara na yi ina bugawa bayan sallar isha'i, duk lokacin da aka kawo wuta, kuma yau sati uku ke nan da kammalawa amma ban daina tunaninsa ba. Wanda bai buga ba kuma ba ya son a faɗa masa yadda labarin ya ƙare, gara ya dakata a nan.

Kamfanin Bungie ne ya yi wasan, ya fito a watan Satumba na 2010 a kan na'urar wasa ta Xbox 360, sannan aka kawo shi kwamfuta a Disambar 2019 cikin tarin da ake kira The Master Chief Collection. Labarin yana faruwa ne a shekarar 2552, a wata duniya ta ƙirƙira mai suna Reach, wadda ita ce babbar cibiyar sojan ɗan Adam bayan wannan duniyar tamu. Wata gamayyar baƙin halittu da ake kira Covenant ta kawo mata hari. Kai kuma kana cikin sulken soja na shida a wata ƙaramar tawaga ta mutum shida mai suna Noble: Carter shugaba, Kat gwanar na'ura, Jun maharbi daga nesa, Emile mai wuƙa, sai Jorge, ƙaton da ke ɗauke da babbar bindiga. Hoton farko da za ka gani shi ne kwalkwalinka yashe a ƙasa, ya fashe. Tun kafin ka harba harsashi ɗaya an riga an nuna maka ba za a ci wannan yaƙin ba.

Ta fuskar bugawa ba ni da ƙorafi mai yawa. Kwamfutata ba sabuwa ba ce, amma ta ɗauke shi ba tare da sarƙewa ba da na rage ingancin hoto kaɗan. Saukar da shi ne ya cinye mini data sosai, don haka a nemi inda intanet ke da arha. Abokan gaba suna da wayo, musamman dogayen nan da ake kira Elite, waɗanda ke kauce wa gurneti su zagayo ta bayanka. Bindigar DMR ta koya mini haƙuri, domin in ka yi ta danna kunama da sauri harsashi sai ya riƙa baɗewa, dole ka jira tsakanin harbi da harbi. Kiɗan da Martin O'Donnell da Michael Salvatori suka yi kuwa, a matakin birnin New Alexandria na rage harbi don kawai in saurare shi.

Abin da ya riƙe ni shi ne abin da ke ƙarƙashin labarin. A mataki na farko an tura ku tashar sadarwa ta Visegrád da ta daina aiki, kuma shugabanninku suna zargin 'yan tawaye ne suka lalata ta. Kun shiga gonaki da bindiga a ɗane, kun tarar da manoma a tsorace suna magana da harshen Hungari, Jorge ne kaɗai ke jin abin da suke cewa saboda shi ɗan Reach ne. Na tsaya ina tambayar kaina: waɗannan sojoji masu sulken da ya fi tankar yaƙi tsada, me ya kawo su farautar mutane 'yan uwansu? Da na bi diddigin tarihin da masu wasan suka gina, sai na ga ai don haka aka yi su tun asali.

A shekarar 2517 ta cikin labarin, ofishin leƙen asirin soja da ake kira ONI, da wata masaniya mai suna Dakta Catherine Halsey, suka zaɓi yara 75 'yan shekara shida daga duniyoyi daban-daban, suka sace su. A madadin kowane yaro aka ajiye wa iyayensa kwafinsa da aka haɗa cikin gaggawa a ɗakin gwaji, wanda aka san ba zai daɗe ba zai kamu da ciwo ya mutu. Iyaye suka yi jinya, suka yi jana'iza, suka yi kuka, alhali 'ya'yansu na nan a Reach ana koya musu kisa. Da suka kai shekara 14 aka yi musu tiyatar ƙara ƙarfin ƙashi da tsoka, kuma waɗanda suka fito lafiya ba su kai rabi ba. Wannan shi ne shirin Spartan-II. Duk wannan an fara shi shekara takwas kafin ɗan Adam ya taɓa haɗuwa da Covenant a 2525. Makamin an ƙera shi ne don murƙushe mutanen yankunan nesa da ke neman ɓallewa daga gwamnatin tsakiya. Zuwan baƙin halittu ne ya wanke laifin, ya mai da yaran da aka sace jarumai, ya mai da wadda ta sace su mai ceton al'umma.

Ɗana na biyu shekararsa shida cif. Mu da muka san yadda gari ke zama in aka wayi gari aka ce an ɗauke yara, ba za mu iya karanta wannan a matsayin ado na labari kawai ba.

Jorge yana cikin yaran nan. Shi ya sa wurin da ya haɗu da Halsey a sansanin Sword ya fi kowane wuri yi mini nauyi. Ya cire kwalkwali ya gaishe ta da ladabi irin na ɗa ga mahaifiya, ita kuma hankalinta ya fara sauka a kan sulken da ya yi wa kwaskwarima. Sauran biyar ɗin tana musu kallon kayan wani. Su 'yan Spartan-III ne, wani shirin sirri da Kanar James Ackerson ya kafa a bayan idonta, inda ake ɗibar marayun yaƙi a horar da su da arha don aikin da ba a sa ran dawowa. Asiri a cikin asiri ke nan. Kai kanka, soja na shida, takardun tarihinka duk an shafe su da baƙin tawada, kuma daga baya ne za ka ji ka taɓa tuƙa jirgin yaƙin Sabre, wanda gwamnati ta yi ta musanta cewa akwai shi. Matakin da za ka tuƙa jirgin a sararin samaniya ya yi daɗi ƙwarai, kuma a ƙarshensa ne Jorge ya jefo ka daga jirgin abokan gaba ya tsaya ya tayar da bam da hannunsa. Ya mutu yana zaton ya ceci garinsu. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga wasu jiragen Covenant bila adadin suna ɓullowa.

A nan kuma babban ƙorafina yake. Wasan bai taɓa buɗe baki ya faɗi maganar satar yaran ba. Wanda ya buga daga farko har ƙarshe ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba zai tashi da ganin Halsey a matsayin dattijuwa mai zafin rai da ke kare wani abu mai muhimmanci a ƙarƙashin ƙanƙara, shi ke nan. An saka littafin sirrinta a cikin kwalin bugu na musamman da aka sayar a 2010, amma mai saukewa a kwamfuta yau ba zai same shi ba. Sai a farkon wasan Halo 4 na 2012 ne aka zaunar da ita ana tuhumarta. A ganina wannan rauni ne, domin ita ce ke yin jawabin rufewa tana yabon jarumtarka, kuma babu mai ce mata uffan. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai shirun nan shi ne daɗin, sojojin ma ba su san komai ba." Na fahimce shi, amma ban yarda ba. Ko jimla ɗaya ce daga bakin Emile, wanda ba ya ɓoye abin da ke ransa, da ta isa.

Mutuwar Kat ta zo ba zato, harbi ɗaya a ka tana tsakiyar magana. Ta Carter an yi ta da gaggawa har ban gama ji ba aka wuce. Jun shi aka tura rakiyar Halsey, daga nan ba a sake ganinsa ba. Bayan ka miƙa wa Kyaftin Keyes saƙon Halsey da zai tafi da shi a jirgin Pillar of Autumn, sai a bar ka kai kaɗai cikin ƙura, umarnin da ke kan allo kuma shi ne ka rayu. Gilashin kwalkwalinka yana tsagewa kaɗan-kaɗan, alamun harsashi da na lafiya suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na san ba a cin wannan matakin, amma sau huɗu na maimaita shi.

Ina ba da shawarar a buge shi, ga baligi. Ban bar yarana sun zauna kusa ba saboda jini da kisa, kuma kusan duk maganar ciki da Turanci ake yi, don haka a kunna rubutun ƙasan allo, musamman don hirar rediyo da ake yi ana tsakiyar wuta. Sabon shiga ya fara da matakin wahala na Normal. Ni yanzu na koma daga farko a Heroic mai ƙarin wahala, na sake isa gonakin Visegrád, kuma wannan karon na tsaya na saurari duk abin da Jorge ya ce wa manoman kafin in wuce.