Sharhi kan faifan Glenn Gould na 1981: kiɗan Bach a piyano

Faifan da nake sharhi a kansa shi ne wanda makaɗin piyano ɗan Kanada, Glenn Gould, ya ɗauka a watannin Afrilu da Mayu na 1981 a birnin New York, inda ya kaɗa aikin mai tsara kiɗa ɗan Jamus, Johann Sebastian Bach, da aka sani da Goldberg Variations. Tsawonsa minti 51 da daƙiƙa 18. Kamfanin CBS ya fitar da shi a watan Satumba na 1982, Gould kuma ya rasu ranar 4 ga Oktoba na wannan shekara yana da shekara 50. Wannan ne karo na biyu da ya ɗauki aikin a situdiyo. Na farko a 1955 ne, yana saurayi ɗan shekara 22, a situdiyo ɗaya da na 1981, wanda a lokacin yake titi na 30, kuma ya gama shi cikin minti 38 da daƙiƙa 34. Mutane da yawa kan ce na farkon zafin ƙuruciya ne, na biyun kuma natsuwar manyanta. Ni ban gamsu da wannan ba, domin ba saibi ne ya sa faifan 1981 ya fita daban ba.

Sai an san abin da Bach ya rubuta kafin a iya auna abin da makaɗi ya yi da shi. An buga aikin a 1741 a Nuremberg ta ƙasar Jamus. Kashi 32 ne: taken buɗewa da ake kira Ariya, sai juyi 30, sannan Ariyar ta sake dawowa. Inda sabon mai sauraro yake yawan ruɗewa shi ne ya riƙa jiran karin da hannun dama ya kaɗa a Ariya ya sake bayyana a juye-juyen. Ba zai bayyana ba. Abin da Bach yake juyawa shi ne layin ƙasa, wanda hannun hagu ke ɗauke da shi. Gaɓa 32 ne, an raba shi biyu, 16 da 16, kuma sautukansa takwas na farko su ne G, F mai ɗagi, E, D, B, C, D, G. Kamar rubutacciyar waƙa ce mai kari ɗaya daga farko har ƙarshe, amma kowane baiti da abin da yake faɗa. Sannan kowane juyi na uku kanon ne, wato murya ɗaya (layin kiɗa guda, ba muryar mutum ba) ta fara, ta biyu ta biyo ta da irin abin da ta faɗa. A juyi na 3 suna farawa a sauti ɗaya, a na 6 ta biyun ta matsa mataki ɗaya, haka tazarar ke ta ƙaruwa har juyi na 27.

Bach bai rubuta wannan don piyano ba. Don hafsikod ya rubuta, wani tsohon kayan kiɗa mai kama da piyano, mai jerin madannai hawa biyu, wanda ke tsinkar waya maimakon ya buge ta da guduma. Wannan ya bar wa mai piyano matsala biyu. Ta farko, a juye-juye irin na 8, 11, 14, 17, 20 da 23 hannaye suna ƙetare juna. A hafsikod kowane hannu da hawansa, a piyano kuwa jeri ɗaya ne mai madannai 88, don haka yatsu sai su yi karo a kan madanni guda. Ta biyu, piyano na iya ƙara ƙarfi ko ragewa a kowane sauti, Bach kuma bai rubuta inda za a yi hakan ba. Duk shawarar tana wuyan makaɗi, kuma a nan ne ake gane gwani.

Abin da kunne ke fara kamawa a faifan nan shi ne kusan babu feda. Fedar dama a piyano tana ɗage abubuwan da ke danne wayoyi, sai sauti ya ci gaba da amsawa bayan an ɗauke yatsa. Tana ba kiɗa kauri da daɗi, amma a kiɗa mai murya uku da ke tafiya tare, tana cakuɗa su har a kasa sanin wacce ce ke magana. Gould da yatsu kawai yake haɗa sauti ko ya raba su. Sau da yawa za ka ji murya ɗaya tana tafiya a haɗe, ɗaya kuma a gutsuttsure, a lokaci guda, wani lokaci ma a hannu guda. Yana zama a wata gajeriyar kujera da mahaifinsa ya gyara masa, ƙasa sosai da yadda sauran makaɗa ke zama, don haka nauyin kafaɗa ba ya sauka a kan madannai, yatsun ne ke janyo su. Piyanon da ya yi amfani da shi a 1981 Yamaha ne, ba Steinway da aka saba ganinsa da shi ba, kuma sautinsa busasshe ne mai kaifi. Amfanin duk wannan yana fitowa ne a kanon. Ka saurari juyi na 9 ko na 18, ka zaɓi murya ɗaya ka bi ta da kunne. Ba za ta ɓace maka ba har a gama. Makaɗa kaɗan ne ke iya ba ka wannan.

Amma babban abin da ya sa nake fifita wannan ɗauka shi ne bugu. A 1955 kowane juyi da saurinsa, ba ruwansa da na gabansa. A 1981 Gould ya ɗaure su da bugu ɗaya da ke gudana a ƙarƙashi, ana ninka shi, ana raba shi biyu ko uku, amma ba a yar da shi. Shi da kansa ya yi bayanin haka a hirar da ya yi da mai sharhin kiɗa Tim Page a 1982, ya kuma ba da misali da juyi na 16, 17 da 18. Kana iya gwadawa: ka riƙa taɓa yatsa a gwiwa daga rabin ƙarshe na juyi na 16, kada ka tsaya idan ya ƙare. Za ka ji na 17 ya faɗo a kan bugun da kake riƙe da shi, na 18 ma haka. Shi ya sa shirun da ke tsakanin juyi da juyi a faifan nan ba a bar shi haka kawai ba, a wani wuri gajere ne ƙwarai, a wani wuri babu shi sam. Wannan ne ya mai da guntaye 32 suka zama tafiya ɗaya.

Ƙarin kusan minti 13 da aka samu kuwa, ba duka daga rage gudu ya zo ba. Bach ya sa alamar maimaitawa a kowane rabi. A 1955 Gould bai maimaita ko ɗaya ba. A 1981 ya maimaita rabin farko a wasu juye-juyen, musamman kanon da masu kama da su, inda kunne ke bukatar ji sau biyu kafin ya gane wa ke bin wa. Juye-juyen gudu suna nan da gudunsu. Na 5 bai kai minti ɗaya ba a duka faifan biyu.

Wurare uku sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, mashigar faifan. Ariya tana ɗaukar minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, alhali a 1955 ba ta kai minti biyu ba. Yana kaɗa ta a hankali, murya ƙasa-ƙasa, kowane adon sauti a warware har kana iya ƙirga su. Sautin ƙarshe bai gama mutuwa ba sai juyi na 1 ya faɗo da ƙarfi. Da gangan ya yi, kuma yana aiki, ko da yake a ganina ya ɗan wuce gona da iri wajen dukan.

Na biyu, juyi na 15, wanda na ɗauka shi ne zuciyar faifan. Shi ne na farko cikin uku da ke barin mazaunin G mai haske su koma mai duhu, sauran su ne na 21 da na 25. Kanon ne da aka kifar: idan murya ta farko ta sauka, ta biyu sai ta hau daidai wannan tazara. A 1955 ya wuce shi cikin minti biyu da ɗan wani abu. A 1981 ya kai kusan minti biyar. A wannan tafiyar hawainiya kana jin sautuka bibbiyu da ke faɗowa kamar ajiyar zuciya, ɗaya da nauyi, na biyun sakayau, kuma hannun hagu ba rakiya yake yi ba, murya ce ta uku mai cin gashin kanta. A gaɓar ƙarshe hannun dama yana hawa shi kaɗai har can sama, na hagu yana ƙasa, tsakaninsu wayam. Gould bai cike wannan fili da feda ba, bai kuma ja lokaci don ya burge ba. Nan ne rabin aikin ya ƙare.

Na uku, juyi na 25, wanda shi ne ya rushe batun cewa faifan 1981 saibi ne kawai. Wannan juyi ya fi kowane tsawo da nauyi, kuma a nan sabuwar ɗaukar ta fi tsohuwar sauri: kimanin minti shida, maimakon kusan shida da rabi. A 1955 yana jan sauti yana sakinsa yadda ake yi wa kiɗan ƙarni na 19. A 1981 hannun hagu yana tafiya daidai wa daida, ba ya jiran na dama, sai baƙin cikin ya fito daga karon sautukan da kansu ba daga lanƙwasar makaɗi ba. Wasu za su ce ya yi sanyi. Ni a wurina ya fi ciwo a haka. Daga nan juyi na 26 zuwa na 30 suna bin juna kusan ba numfashi, kuma na 29 yana fitowa da ƙarfin da hafsikod ba zai taɓa bayarwa ba.

Faifan yana da aibu, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Gould yana gunguni da baki yayin da yake kaɗawa, injiniyoyi ba su iya cire shi ba. A lasifika ba ya damun mutum sosai, a iyafis kuwa yana nan a kunnenka, musamman a Ariya da juye-juye masu sanyi. Akwai wanda ke sabawa da shi, akwai wanda ba zai taɓa sabawa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Na biyu, Ariya asalinta kiɗan rawa ce mai bugu uku, nauyinta a kan na biyu. Da saurin da Gould ya ba ta, rawar ta tafi, tunani ya rage. Haka wasu juye-juyen da ya kamata su yi wasa da raha, sun fito a ɗaure. Na uku, zaɓen maimaita rabin farko a bar na biyu yana karkatar da ma'aunin da Bach ya gina, inda rabi biyun suke daidai. Kuma a sani, wannan aikin situdiyo ne da aka harhaɗa daga ɗauka daban-daban. Gould ya daina kiɗa a gaban jama'a tun 1964 kuma bai taɓa ɓoye cewa yana yanka yana haɗawa ba.

Game da wanda za a nema: fitowar farko an yi ta ne daga ɗaukar dijital, a lokacin da fasahar take jaririya, shi ya sa sautukan sama suke da ɗan tsini. A 2002 Sony ya fitar da kundi mai faifai uku, A State of Wonder, wanda ya yi amfani da tef ɗin analog da aka naɗa a gefe a ranakun ɗaukar. Sautinsa ya fi laushi da jiki, kuma a ciki akwai ɗaukar 1955 da hirar Tim Page. Shi nake ba da shawara a nema.

Yadda ake saurare ma yana iya lalata shi. Lasifikar waya ba ta da amfani a nan, domin G na ƙasa da ke rufe jimlar farko ta layin hagu yana wajen hertz 98, ƙaramar lasifika kuma ba ta iya fitar da shi da jiki, sai a rasa ainihin abin da ake juyawa. Iyafis mai waya ko lasifika biyu, hagu da dama, sun wadatar. A manhajar sauraro a kashe gauraya waƙoƙi, tunda faifan kashi 32 ne kuma jerinsu shi ne aikin. A kunna saitin da ke cire tazara tsakanin waƙa da waƙa, in ba haka ba manhajar za ta cusa shiru inda Gould bai sa ba, bugun da ya ɗaure su ya tsinke. A kashe saitin da ke daidaita ƙarfin sauti, saboda yana iya ɗaga Ariya ya danne juyi na 1 har su zama ɗaya. Kada kuma a ƙure murya a Ariya don an ji ta ƙasa-ƙasa. A saita ta da juyi na 1, sannan a koma farko. Mai lissafin data ya sani cewa minti 51 a inganci na kilobit 320 a daƙiƙa zai ci kimanin megabait 120, a na 128 kuma kimanin 50. Gara a sauke shi gaba ɗaya da a bar intanet ya riƙa yankewa a tsakiyar juyi.

Wanda gungunin ya hana shi sakewa, ko yake son ya ji aikin da dukan maimaicinsa da sautin piyano mai zagaye, ya nemi ɗaukar makaɗin piyano Murray Perahia ta 2000, wadda ta haura minti 70. Ta fi ta Gould waƙa da taushi, kuma rawar Ariya tana nan. Ɗalibin piyano kuwa da ke fama da raba muryoyi a hannu ɗaya, ya buɗe takardar kiɗan a gabansa, ya sa juyi na 15 na Gould sau uku a jere, kowane karo ya bi murya ɗaya da fensir yana sa alama inda aka haɗa sauti da inda aka yanke shi.